Kwaɗo a Bakin Matakalar Ambo

Zuwa ga yayana abin girmamawa, Daeng Mappiasse, a gandun kwakwar manja na Tawau.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Daeng Rosmiati da yara. Allah Ya ƙara maka ƙarfin jiki, Ya tsare ka daga faɗowar nonon kwakwa da saran maciji, Ya sa albarka a gumin da kake zubarwa a ƙasar mutane. Mu nan muna lafiya. Ciwon bayan mijina Darwis ya lafa tun da ya daina ɗaukar buhu shi kaɗai. 'Yata kuma 'yarka Hasriani ta shiga aji biyu a makarantar koyon jinya ta Parepare, tana zuwa gida duk ƙarshen wata, ta yi tsayi har ta wuce ni. Goggo Sennang idon nata ya ƙara dushewa, amma bakin yana nan yadda ka san shi. Mun gyara rufin kicin kafin ruwa ya sauko, kuma bishiyar mangwaron da ka dasa ta yi 'ya'ya bana har jemagu sun gaji.

Mahaifinmu Ambo yana nan, yana ci, yana sha, yana barci. Duk ranar da ka samu hawa tudun nan da waya ke kamawa ka kira, abin da nake faɗa maka ke nan, kuma ban yi maka ƙarya ba. Sai dai akwai sauran magana da na kasa faɗa a cikin minti uku, murya tana yankewa, kana ta cewa me na ce. Shi ya sa da na ji Sudding na garinmu zai hau jirgin ruwa zuwa Nunukan, can kusa da ku, ranar Laraba, na ce bari in zauna in rubuta maka komai daga farko, ka karanta a tsanake.

Bayan girbin damina wata malamar gona mai suna Wahyuni ta zo taron manoma a ƙarƙashin gidan dattijonmu Aji Laupe, gidan nan na katako da ke kan dogayen dirkoki. Yarinya ce, ba ta fi Hasriani da shekara biyar ba. Ta ce gwamnati za ta biya kowane manomi wani abu idan muka daina barin ruwa a kwance cikin shinkafa tun daga dashe har girbi. Za a kafa guntun bututun roba mai huji-huji a kowane fangali, a rufe ƙofar ruwa, a bar ƙasa ta shanye har ruwan cikin bututun ya sauka kusan taƙi guda, sannan a sake buɗewa. Ta ce ta haka ruwa zai isa wa na ƙarshen kanal, magudanar nan da ke kai mana ruwa gonaki, kuma wai ruwan da ya daɗe a kwance yana fitar da wata iska mai ƙara wa duniya zafi. Nan Aji Laupe ya ce shi dama ya san akwai iskar da ke lalata duniya, amma ya ɗauka daga cikin Sudding take fitowa duk ranar da ya ci rogo. Aka yi ta dariya, Sudding ya ce to a biya shi shi ma ya daina. A cikin wannan dariyar aka amince. Sharaɗi ɗaya ta jaddada: gonaki ashirin da shida da ke kan ƙaramin kanal ɗinmu ƙofa ɗaya suke sha, don haka gona ɗaya ake ɗaukarsu. In an kiyaye, a biya kowa. In an saɓa, kowa ya rasa. Darwis ya sa hannu a madadin gonarmu, tunda gwaji ne na shuka ɗaya.

Ka san shekara talatin da ɗaya Ambo ya yi yana riƙe da ƙofar nan kafin ya miƙa wa Darwis. Ka kuma ga yadda ya fara ruɗewa lokacin da ka zo rasuwar mahaifiyarmu Indo. Abin ya ƙaru sosai bayan tafiyarka. Yakan yi alwala sau uku a jere, yakan gama cin abinci ya tambaye ni yaushe za a ci. Amma ruwa bai taɓa manta shi ba. Daga taga yake duban gonaki ya faɗa maka fangalin wane ne ya fi na wane ruwa. Ni dai ban kawo komai a raina ba. Da na tuna irin dukan da ya yi maka ranar da ka bar kusurwar gonarmu ta tsage kana can kamun kifi, da na gane abin da ke tafe.

Sati uku da dashe aka rufe ƙofa karo na farko. Kwana shida ƙasa ta fara darewa. Washegari Ambo ya tafi sallar asuba bai dawo ba, kafin rana ta ɗaga ruwa ya cika gonaki ashirin da shida. Ya shigo gida da taɓo har gwiwa yana fara'a, ya ci shinkafa kwano biyu da busasshen kifi, ya ce mini wannan mijin nawa in aka bar shi da barci sai ya kashe garin nan da yunwa. Mutane dariya suka yi, suka ce tsohon direba ya tuna mota. Karo na biyu bututun ya bi ya tumɓuke, guda goma sha ɗaya, ya ɗaure su da ɓawon ayaba ya saɓo a kafaɗa ya jibge a ƙarƙashin gida. Ya ce wani maƙiyi ne yake binne wa mutane sammu a gona, shi kuwa ya gano shi. Darwis ya wuni yana bi gona-gona yana mayarwa yana ba da haƙuri. Karo na uku ya zo daidai da jajibirin zuwan malamar da shugabanta. Suka tarar ruwa ya shanye kan bututun, ba a ma ganinsu.

Ba ta yi faɗa ba, Daeng. Ta hawo gidanmu ta durƙusa ta sumbaci hannun Ambo, ta sha kofi, ta ce kakarta ma haka ta yi kafin ta rasu. Amma ta ce hoton da take ɗauka da kansa yake wucewa ofis da kwanan watansa, ba ta da ikon gyara shi. Ta roƙa mana an yafe, amma in aka sake ko sau ɗaya an cire kanal ɗinmu.

Da la'asar aka kira ni ƙarƙashin gidan Aji Laupe. Ba wanda ya ɗaga murya. Rabin mazan da ke wurin Ambo ne ya koya musu yadda ake duban ruwa, kowa ya sunkuyar da kai yana wasa da taba. Aji ya yi ta kewaye-kewaye yana yabon Ambo, har Cenning, matar marigayi Latuo mai gonar ƙarshen kanal, ta gaji ta tari numfashinsa. Ta ce ita ba za ta ɓoye ba: shekara tara ruwan rani bai taɓa kaiwa gonarta ba sai bana, kuma duk ranar da Ambo ya buɗe ƙofa na sama ne suke shanyewa, nata rabon ya tafi. Ta ce Ambo ne ya yi wa mijinta wankan gawa, ba ta manta ba, ba za ta manta ba. Sannan ta dube ni ta ce, Sinah, ki riƙe mahaifinki. Na ce to.

Da farko ƙofar ruwan muka kulle. Darwis ya sa sarƙa da kwaɗo a ƙarfen murɗawa. Kwana biyu Ambo ya ɗauki dagi ya je yana dukan kwaɗon, dagin ya zame ya tsaga masa tafin hannun dama. Masu wucewa suka same shi tsaye a cikin kanal, ruwa har ƙirji, yana ƙoƙarin haƙe gefen ƙofar da hannu, jini yana bin ruwa. Ɗinki bakwai aka yi masa. A hanyar dawowa daga asibiti na ce wa kaina, in na bar shi wata rana a ƙasan kanal za a tsamo shi. Wannan gaskiya ne. Amma ba zan ce maka shi kaɗai ne dalilina ba, domin maganar Cenning ma tana kunnena.

Na ce wa Darwis ya buga ƙyaure a saman matakalar gaba. Ya ce shi kam hannunsa ba zai kulle surukinsa ba, ko me za a rasa a rasa. Sai na ɗauko katakon tsohon akurkin kaji da ƙusa da guduma na buga da kaina. Ya karkace, amma ya riƙe. Tsanin baya na janye na kwantar a ƙasa. Kwaɗon da aka cire daga ƙofar ruwa shi na sa, na rataya mabuɗin a wuyana da zare. Ambo yana zaune yana kallona ina bugawa, har ya ce mini ƙusar nan ta yi gajarta, in nemo mai tsawo.

Satin farko ya jijjiga ƙyauren har na ɗauka zai ɓalle. Ya zagi Darwis, ya kira shi ɓarawon ruwa. Daga baya ya koma taga mai kallon gonaki, duk wanda ya wuce sai ya kira shi da sunansa da sunan ubansa, ko sau ɗaya bai kuskure ba, ya ce gonarka tana mutuwa kana yawo, je ka buɗe ƙofa. Mutane suka daina bin ta gabanmu, suka koma zagawa ta bayan masallaci. Ni kuma Naha yake kirana, sunan yanka na Indo, yana tambayata me ya yi mini. Wata rana da azahar na kai masa abinci, sai ya kama bakin zanina ya sassauta murya, irin yadda yake yi wa baƙuwar da yake jin nauyi. Ya ce, baiwar Allah, don Allah in za ki shiga gari ki nemi 'yata, Sinah sunanta, ki ce mata an kulle ni, za ta zo, ita ba ta yarda a wulaƙanta ni. Na ce to, zan faɗa mata. Na ajiye kwanon, na fita na danna kwaɗo, na sauka na ci gaba da juya kifin da na shanya. Ina juyawa ina jiran kuka ya zo. Bai zo ba. Har yau da nake rubuta maka bai zo ba.

Da shinkafa ta fara fure, ƙa'idar shirin ta ce a bar ruwa a kwance kwana goma. Na buɗe masa. Darwis ya kai shi har bakin ƙofa ya ce, Ambo, kai za ka murɗa. Ya murɗa da hannun hagu. Daeng, da ka ga mahaifinka a kwanakin nan. Ya sa malafarsa ya zaga gonaki ɗaya bayan ɗaya, yana gyara wa mutane kunya da ƙafa, ya je Juma'a ya zauna a sahun gaba. Ya ce wa Aji Laupe wannan karon ya yafe musu, amma kada su sake, shi ba kullum zai riƙa gyara ɓarnar yara ba. Aji ya ce ba za a sake ba, Puang, ranka ya daɗe, yana faɗa yana kallon ƙasa.

Kwana goma suka cika, lokacin rufewa ya yi. Darwis ya ce mini mu haƙura haka nan, shi zai je ya faɗa wa mutane, in sun ga dama su karɓe ƙofar daga hannunsa. Ni na ce a'a. Na ce mun riga mun ci rabin wuyar, in muka saki yanzu wancan kullen ya tashi a banza, ga Cenning shinkafarta ta fitar da kai. Ina so ka san wannan, domin kada wani ya ba ka labari ya ɗora wa Darwis. Ni ce. Da safe Ambo ya ɗauki malafarsa ya nufo matakala ya tarar da kwaɗo. Bai jijjiga ba. Ya dubi kwaɗon, ya dube ni, ya rataye malafar a ƙusa ya koma ya kwanta. Daga ranar bai sake zama a taga ba.

An yi girbi, kuma ya yi kyau. Ba mu samu ƙasa da na bara ba, kuma da iska ta taso kafin yanka karan bai kwanta ba kamar yadda ya saba. Cenning ta yanki shinkafar rani a gonarta, ta dafa wainar ayaba a ganye ta kawo wa Ambo da kanta, ta zauna kusa da shi tana ba shi a baki tana kuka. Ni ina tsaye ina riƙe da kofin ruwa. Kuɗin ma sun fito ba a daɗe ba. Aka yi ɗan biki, manya suka zo daga gunduma aka ɗauki hoto, Aji Laupe ya tashi ya ce Sinah 'yar Ambo Sakka ta fi maza goma, aka tafa. Ana tafawa ina tunanin ko na sauke tukunya kafin in fito. Namu rabon Darwis ya kawo mini, na sa a akwatin Indo tsakanin zannuwanta, yana nan. Ba fushi nake da shi ba. In na buɗe akwatin ne sai in rasa abin da zan saya.

Ranar da aka gama yanka na cire ƙyauren gaba ɗaya, har ƙusoshin na zare. Yau kwana arba'in ke nan, Ambo bai taka matakalar nan da kansa ba. Ko kiran salla ya ji sai ya yi a zaune inda yake. Makon jiya da aka saki ruwa don jiƙa ƙasa kafin huɗa, na kama hannunsa na sauko da shi a hankali har bakin ƙofar. Ruwa yana ta gudu yana kumfa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni wa ke kula da wurin nan. Na ce kai ne, Ambo. Ya ce a'a, shi bai san aikin ruwa ba, in mai da shi gida ƙafarsa tana ciwo. Likita ya ce ciwon haka yake tafiya, da an kulle shi da ba a kulle ba. Liman ya ce ba ni da zunubi tunda na tsare ransa ne. Darwis ma yana faɗa mini haka duk da shi ne ya ƙi buga ƙyauren. Ina jinsu duka, ina cewa to. Ina dafa abinci, ina wanki, ina yi masa wanka, in kwanta in yi barci har asuba kamar dutse. Goggo Sennang ta ce gara in yi ciwo a san abin da za a yi mini magani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ofis sun ce gwajin ya yi, suna so a ɗaure shirin na shekara uku, har kanal biyu na maƙwabta suna neman shiga. Wannan karon sa hannun Darwis ba zai wadatar ba, sai mai gona ya dangwala yatsa, ko kuma babban ɗansa ya rubuto yardarsa in shi ba ya iyawa. Gonar da sunan Ambo take. Shekaranjiya Darwis ya kawo takardar da tawada ya ajiye a tabarma. Kafin kowa ya ce komai Ambo ya miƙo hannu, hannun nan mai tabon ɗinki, ya buɗe shi yana jira, kamar yadda yake miƙo mini in zan yanke masa farce. Bai tambayi ko ta mece ce ba. Na naɗe takardar na sa a saman kabad.

Ba na ce maka shirin mugu ne ba, Daeng. Na ga gonar Cenning da idona, na ga ruwa ya rage a kanal har ƙarshen rani. In ka ce a shiga, za a shiga, kuma ba sauran buƙatar kwaɗo. In ka ce a bari, ka sani gonarmu ce a bakin ƙofa, in muka fita sauran ashirin da biyar sun fita, zan kuma je in faɗa musu da bakina. Kowanne ka zaɓa zan yi, ba zan taɓa yi maka gori ba. Abin da na kasa shi ne in kama yatsan nan ni kaɗai in danna. Na yanke na farko ni kaɗai, na yanke na biyu ni kaɗai, wannan kai ma ɗansa ne. Ana son amsa kafin taron tsai da ranar shuka, Juma'ar farko ta watan gobe. Sudding zai juyo nan da sati uku, ka ba shi takarda ko da layi biyu ne. Kada ka aiko da kuɗi, ba su muke nema ba. In kuma shugabanku zai ba ka ko kwana goma, ka zo. Har yanzu in an ambaci sunanka yana ɗaga kai, ban san ko zuwa yaushe ba.

Ka gaishe mini da Daeng Rosmiati, ka ce mata busasshen kifin da ke cikin ƙullin nata ne, ni na shanya shi, gishirin kaɗan ne yadda take so. Ka shafa mini kan Asriadi da ƙanwarsa Nurlina, ka ce su riƙe karatu su riƙe salla. Ka gaida Kawu Beddu in kun haɗu a kasuwar Tawau, da duk mutanen garinmu da ke gandun. Darwis yana gaishe ka da girmamawa, Hasriani tana gaishe ka, Goggo Sennang ta ce in faɗa maka ita ba ta gaisuwa a takarda, wanda yake son gaisuwarta ya zo ya karɓa. Aji Laupe da Cenning ma sun ce in sa sunansu.

Da na kusa gamawa na je na zauna kusa da Ambo na ce masa ina rubuta wa Mappi takarda, ko yana da saƙo. Na ɗauka bai ji ba. Sannan ya ce in faɗa maka wasan ya isa haka, ka dawo gida, rana ta yi.

Allah Ya sada mu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka,
Hamsinah